Bayan Kwaleji, Sai Ina? Karatun Sakandare da Makomar Matasa a Ƙasar Agiye

Karatun sakandare a Nijar shekara bakwai ne, an raba shi gida biyu. Shekara huɗu na farko a kwaleji ake yin su, makarantun da ake kira CEG, daga aji na shida a gangaro zuwa aji na uku bisa ƙidayar Faransawa mai tafiya da baya, a rufe da jarrabawar BEPC. Sauran ukun a lise ake yin su, a rufe da bakaloreya, wadda kowa ke kira bak. Yaron da ya shiga yana da shekara goma sha biyu ko sha uku, in bai maimaita aji ba, zai fito yana dab da ashirin. A gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Runji na jihar Maraɗi, waɗannan shekaru su ne daidai lokacin da saurayi ke koyon riƙe gona ko bin ubangida kasuwa, su ne kuma lokacin da ake aurar da yawancin ƴanmata. Duk gidan da ya bar ɗansa a aji ya sadaukar da abu mai tsada ko da ba a karɓi ko dala a hannunsa ba, don haka ba laifi ba ne in ya tambayi abin da zai samu.

Ƙasa ce ta manoma, kuma cike take da mutane. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan 246,000 a gundumar Agiye, kusan 160,000 a Gazawa wadda aka yanke daga Agiye a 2011, da sama da 520,000 a Gidan Runji, inda Tsibirin Gobir yake. Gero da dawa da wake su ne abinci. Gyaɗa, riɗi da aya su ne kuɗi. Babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Runji da Maraɗi, ta bi ta Cadawa, Agiye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, iyakar Najeriya kuwa ba ta da nisa daga ko'ina. A lokacin ƙidayar jama'ar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara, wato suna ninkawa kafin shekara ashirin ta cika. Binciken lafiya na shekarar ya nuna mace a jihar Maraɗi na haifar ƴaƴa sama da takwas a matsakaici. Rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara goma sha biyar ba.

Abin da mutanen yankin ke kira cin nasara ba ɓoyayye ba ne. Namiji ya sami abin yin da zai riƙe iyali daga kaka zuwa kaka ba tare da cin bashin hatsi a tsakiyar damina ba, ya yi aure, ya ɗauke wa iyayensa nauyi, a riƙa neman shawararsa a unguwa, in Allah ya buɗa ya sauke farali. Mace ta sami gidan aure mai kwanciyar hankali, da sana'a ko awakin da za ta kira nata, ta haihu lafiya, ƴaƴan su rayu. Da wannan mudu iyaye ke auna makaranta. Ita kuwa makarantar don wata manufa daban aka kafa ta.

Faransawa sun buɗe lakwal ne don su sami tafintoci, magatakarda da malaman aji. Ƴan ƙalilan ɗin da suka yi fice akan tura su makarantar William Ponty a Senegal, inda Diori Hamani da Boubou Hama suka yi karatu kafin su fara aiki da koyarwa. Da aka sami mulkin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba, sabuwar gwamnati kuwa na neman ma'aikata ruwa a jallo. Daga nan har cikin zamanin da kuɗin yuraniyom ke shigowa, mai takardar BEPC ba ya kwana da tunanin aiki: ko malanta, ko aikin likita, ko gandun daji, ko kaki, ko ofis. A wannan zamani ne aka yarda cewa boko hanyar albashi ce, kuma a lokacin gaskiya ne. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, aka daina ɗaukar duk mai takarda kai-tsaye. Zanga-zangar ɗalibai ta 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy ta Yamai, inda aka kashe uku, daga wannan matsi ta samo asali. Shekarun da suka biyo baya sun zo da bashin albashi, yajin aiki da soke shekarar karatu ɗungurungum. Aikin gwamnati ya yi wuya, amma fasalin makarantar bai sauya ba. Har yau kwaleji tana shirya yaro ne don lise, lise don jami'a, jami'a don ofis.

Abin da ya sauya shi ne yawan masu shiga. Dokar ilimi ta 1998, shirin shekara goma na raya ilimi da aka soma a 2003, da azuzuwan da aka gina a ƙarƙashin shiri na musamman na Shugaba Tandja Mamadou, sun ɗaga yawan yaran firamare daga kusan ɗaya cikin uku a 2000 zuwa sama da biyu cikin uku. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta ƙara da alkawarin karatu kyauta kuma dole har shekara goma sha shida. Da wannan taro ya iso kwaleji sai aka yi ta buɗe CEG a hedikwatar ƙananan hukumomi da manyan ƙauyuka, sau da yawa kafin a sami gini ko littafi. Gurbin malamai kuma aka cike shi da ƴan kwantiragi da ƴan bautar ƙasa, waɗanda ake biya ƙasa da cikakken ma'aikaci, albashin kan makara, da yawansu kuma suna riƙe da alli ne kafin wani aikin ya samu. Malamin lissafi da na kimiyya sun fi kowa wuyar samu a ƙauye.

Matsalar da ta fi kowace girma tun daga firamare take tasowa. Yaron Agiye da Hausa ya tashi, amma daga ranar da ya shiga aji da Faransanci ake koya masa karatu da lissafi, harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa, ba ya ji a masallaci. Gwajin PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe goma na Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar waɗanda suka kai mizanin da ake so wajen karatu a ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na 2019 ya nuna an sami ci gaba, amma har a lokacin mafi yawa suna ƙasa da mizanin. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi na firamare jarrabawa, akasarinsu suka kasa samun rabin maki. A tsakanin nan an kuma dakatar da jarrabawar kammala firamare ta CFEPD na kusan shekara goma, sai a 2024 aka dawo da ita. Sakamakon duk wannan a aji na shida yake fitowa fili. Yaron da ya saba da mushe ɗaya, wanda kan juya zuwa Hausa in ya ga an ɓace, yanzu yana gaban malamai bakwai ko takwas, kowa da darasinsa, ga Ingilishi an ɗora masa alhali Faransancin bai zauna ba. Sai ya kwafe abin da ke allo, ya haddace, ya mayar ranar jarrabawa in ya iya. Bisa ashirin ake ba da maki, goma ce ke ƙetarar da mutum. Wanda ya gaza kaɗan ya maimaita, wanda ya gaza ƙwarai a sallame shi. Babu ajin da ke zubar da ɗalibai kamar wannan na farko, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun yi kwaleji shekara ɗaya ko biyu kawai suka yi.

Sai maganar lokaci. A takarda shekarar karatu daga Oktoba take zuwa Yuni. A ƙauye Oktoba watan girbi ne, ana buƙatar kowane hannu wajen yankan gero, roron wake da cirar gyaɗa. Inda ajin na zana da kara ne ba a iya kafa shi sai an gama girbi an sami karan, ruwan farko kuma shi ke rufe shi. Gobarar da ta kashe yara sama da ashirin a wata firamare a birnin Maraɗi a Nuwamba 2021, wata bakwai bayan irinta a Yamai, ta sa duniya ta san da waɗannan azuzuwa, amma ɓarnar da suke yi kowace shekara ita ce ta watannin da suke cinyewa. In aka haɗa da yajin aikin malamai da na ƙungiyar ɗalibai ta USN, da wuya manhaja ta ƙare, jarrabawar kuwa ba ruwanta, a kan dukan manhajar ake shirya ta. Yaron da ƙauyensu ba kwaleji sai dai ya yi doguwar tafiya a ƙasa kullum, ko a nema masa mai masauki a Agiye, Cadawa ko Tsibiri. Mai masaukin shi ma da nasa bakunan da yake ciyarwa. Iyaye kan kai ƴan tiyoyin gero, in sun ƙare yaron ya biya da jikinsa: ɗebo ruwa, kiwo, talla, karatu kuma sai da dare a hasken fitilar waya.

A 2021 ɗalibi ɗaya ne cikin biyar ya ci BEPC a faɗin ƙasa, a bak ma abin bai kai ɗaya cikin huɗu ba. Akwai shekarun da sakamako ya fi haka, amma da wuya ya haura rabi, kuma waɗannan su ne masu juriyar da suka kai ƙarshe. Tsarin yana aiki kamar rariya: ana tankaɗe don a sami ɗan garin da zai wuce gaba, tsakin da ya rage kuwa, wanda shi ne mafi yawa, ba a tanadar masa komai ba. Wanda ya faɗi BEPC bayan shekara goma a aji yakan fita ba shi da wata takarda ta sakandare da zai nuna. Mai hali ya mayar da ɗansa makarantar kuɗi a Maraɗi ya sake gwadawa. Marar hali ya haƙura.

Darussan kwaleji su ne Faransanci, lissafi, fiziks da kimiyyar sinadarai, ilimin halittu, tarihi da labarin ƙasa, Ingilishi, tattalin gida da motsa jiki, a ajin ƙarshe na lise kuma a ƙara falsafa. Babu na zubarwa a cikinsu. Abin dubawa shi ne yadda ba sa haɗuwa da aikin da yawancin ɗaliban za su yi da hannunsu. Noman aya, wanda Cadawa da Agiye da Gazawa suka yi suna da shi, lissafi ne tsantsa: kuɗin takin zamani, ladan ƴan ƙwadago wajen tono da tankaɗe, farashin buhu da kaka da farashinsa bayan wata biyar, da canjin naira da sefa, tunda yawancin masu saye daga Najeriya suke zuwa. Ajiyar wake a buhun PICS mai rufi uku, wanda masu binciken cibiyar nazarin noma ta INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, darasi ne na kimiyya cikakke: a toshe iska, ƙwaro ya mutu, ba sai an zuba magani ba. Ɗalibi kan iya warware lissafi mai haruffa a allo amma ba a taɓa sa shi ya lissafa ko gonar ubansa ta ci riba ba.

Misali mafi ƙarfi shi ne sassaben zamani. Wannan dabara ta barin tohon kututture a gona, a zaɓi rassa masu ƙarfi a sassabe sauran, ta fara yaɗuwa ne a yankin Maraɗi a shekarun 1980, da hannun Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM da manoman da suka yarda suka gwada. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye ya zama wurin da baƙi daga ƙasashe da dama ke zuwa kallo, bayan aikin da shirye-shiryen asusun IFAD suka yi da mutanensa, har ƙauyen ya kafa kwamitin tsaron itatuwansa. Ana ƙiyasta cewa dabarar ta mayar da itatuwa a kusan hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. Shi ne canji mafi girma da noman yankin ya gani a zamanin nan, kuma daga bakin manomi zuwa kunnen manomi ya bi, bai bi ta aji ba. Ɗan lise zai iya bayyana yadda ganye ke sarrafa hasken rana da Faransanci mai kyau, amma ba a taɓa fitar da shi ya auna dalilin da ya sa gero ya fi kyau a gindin gawo ba, alhali gawon na tsaye a bayan ajin.

Daga nan ƙorafin dattawa ke tasowa, cewa kwaleji na sa a yi biyu babu: yaro bai zama ma'aikaci ba, hannunsa kuma ya yi laushi ga hauya, ya dawo yana zaman fada yana dafa shayi. Akwai gaskiya a ciki, amma ƙorafin ya ɗauka cewa gona tana nan tana jiran yaron, kuma a nan ne ya kuskure. Gandu ya sha rabon gado har ya koma ƴan filaye. Barin gona ta huta ya zama tarihi a kudancin jihar. Wanda yunwa ta matsa yakan jinginar ko ya sayar wa ɗan kasuwa ko ma'aikaci, masu bincike kuma sun daɗe da nuna cewa mata da samari ne farkon waɗanda ke rasa gamanarsu, wato ƴar gonar kansu, in ƙasa ta yi ƙaranci. Yunwar 2005 a wannan jiha ta fi yin ɓarna, jihar da ake ɗauka rumbun ƙasa. Saboda haka wanda bai taɓa shiga aji ba shi ma tafiya yake yi: cin rani a Kano, Abuja ko Legas, aikin gini a Libiya da Aljeriya, haƙar zinariya a Jado tun 2014, ko a Ɗan Isa inda rami ya rufta da mutum goma sha takwas a Nuwamba 2021. Wanda ya zauna gida ya hau babur ya yi kabu-kabu. A duk waɗannan wurare wanda ya bar aji na huɗu da wanda bai san ƙofar lakwal ba aiki ɗaya suke yi, kuɗi ɗaya ake biyan su.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce shekarun kwaleji asara ce. Wanda ya fito yana karatu da rubutu sosai, ko da bai ci BEPC ba, yana da abin da maƙwabcinsa ba shi da shi. Shi ke karanta takardar likita da umarnin da ke jikin maganin feshi. Shi ake ɗauka wakilin lafiya na ƙauye, mai rajistar haihuwa, mai ƙidaya lokacin rigakafi ko rabon tallafi, sakataren ƙungiyar manoma ko na kwamitin COGES na makaranta. Rumfunan aika kuɗi na Nita, Amana da Al Izza, da shagunan magani da na waya, masu karatu suke nema. Daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 har zuwa rushe majalisunsu a 2024, kansila mai iya karanta kasafin kuɗi ya fi wanda sai an karanta masa ƙarfi a zauren majalisa. Saƙon murya na WhatsApp ya rage wa marar karatu wata wahala, gaskiya ne, amma bai karanta masa takardar sayen gona kafin ya dangwala yatsa. Sharaɗin dai shi ne karatun ya zauna, kuma shi ne abin da ba a tabbatar wa mafi yawan masu shiga aji na shida ba.

Ga ƴa mace lissafin ya bambanta ƙwarai, kuma a nan amfanin sakandare ya fi fitowa a fili. Binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara goma sha takwas, kashi 28 kafin sha biyar, jihar Maraɗi kuwa ita ce kan gaba da kusan tara cikin goma. Dokar ƙasa ta amince da auren yarinya daga shekara goma sha biyar, yawancin aure kuma bisa al'ada da addini ake ɗaura shi ba a gaban hukuma ba. Shekarun kwaleji su ne shekarun auren, don haka kowace shekara da yarinya ta ƙara a aji tana ɗaga haihuwar fari zuwa lokacin da jikinta ya ƙara ƙwari, abin da ke rage haɗarin doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Bincike a ƙasashe da yawa ya yi daidai a kan cewa uwar da ta yi sakandare ta fi zuwa awo, ta fi kai yaro rigakafi, ƴaƴanta kuma sun fi rayuwa. Wannan riba ba ta jiran takarda ko albashi. Iyayen da ke cire ƴarsu kuwa ba duka ne ke ƙin boko ba. Tsoronsu shi ne budurwa a gidan wani a wani gari, ba mai sa mata ido, ga makarantar da ba ta da ban ɗaki, ga yiwuwar a sallame ta bayan shekara biyu ta dawo ba karatu ba miji. Dokar shugaban ƙasa ta Disamba 2017 ta yi nufin kare yarinya a makaranta har shekara goma sha shida. Shugaba Mohamed Bazoum ya mayar da gina makarantun kwana na ƴanmata babban aikinsa daga 2021, irin wadda aka buɗe a Kelle ta jihar Damagaram, domin ya gane cewa masauki ne gindin matsalar. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya same shi aikin bai yi nisa ba. A gefe guda, ƙungiyoyin adashi na Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, an tsara su ne yadda marasa karatu za su riƙe lissafi da ka, amma da suka girma har suna hulɗa da asusun bashi da hukumomi, matar da ta yi kwaleji ce ake miƙa wa littafi.

Sakandare ba ita kaɗai ke shirya matasa ba. Tsohuwar hanyar kasuwa tana nan: yaro ya bi ubangida shekaru, ya koyi awo da ciniki da sanin mutane, in ya nuna amana a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Ta wannan hanya alhazan Maraɗi suka taso, kamar yadda manazarci Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986, kuma da yawansu ba su taɓa zama a aji ba. Ta fi makaranta kusa da aiki, amma tana buƙatar a san wani, kuma ba ta ɗaukar kowa. Makarantar allo da Islamiyya suna ba da tarbiyya da matsayi a gari. Makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda asalinsu madarasar Say ce ta 1957, sun sami karɓuwa wurin iyayen da ke ɗari-ɗari da lakwal, musamman ga ƴaƴa mata, sai dai aikin da ke jiran ɗalibansu bai wuce koyarwa ba sosai.

Amsar da gwamnati ta bayar ita ce koyon sana'a. Maraɗi na da tsohuwar lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa, a zamanin Issoufou kuma aka yi ta buɗe kwalejojin fasaha na CET a gundumomi da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, da burin kai rabon wannan fanni kashi 40 cikin ɗari na masu karatun gaba da firamare zuwa 2021. Manufar daidai ce, aiwatarwar ce ta yi rauni. Cibiyar walda da ba wutar lantarki ko ta kafinta da ba katako allo da alli za ta koma. Jama'a na kallon wuraren a matsayin mafakar waɗanda suka faɗi. Wanda ya gama ba shi da jarin sayen keke ko inji, garin da ke da teloli ashirin kuma ba ya buƙatar wasu arba'in. Noma, kiwo da sarrafa amfanin gona, inda aikin yake da gaske, ba su sami rabon da ya dace da su ba.

Ga ƴan kaɗan ɗin da suka ci bak hanya ta fi ta da sauƙi, tunda jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da aka kafa a Maraɗi a 2010 tana koyar da aikin gona, kimiyya da aikin likita ba sai an je Yamai ba. Bayan digiri akwai bautar ƙasa ta shekara biyu, sannan jiran gasar ɗaukar aiki, ko kwantiragin koyarwa, ko aiki da ƙungiyoyin agaji. Jiran kan yi tsawo, amma wanda ya samu ya samu: albashi ɗaya na malami ko ma'aikacin lafiya kan riƙe gidaje biyu ko uku a shekarar da damina ta ƙi. Wannan ne ya sa uba mai ƴaƴa takwas kan raba ƙafa, ya bar ɗaya a lakwal, ya tura ɗaya allo, ɗaya kasuwa, sauran gona. Ba jahilci ba ne, dabarar mutumin da ya san cewa babu hanya ɗaya mai tabbas ce. Ga wannan ɗa ɗaya da ya kai ƙarshe sakandare ta cika alkawarinta. Ga yarinyar da ta kai aji na uku ta ba da riba ko da takarda ko babu. Wanda ta fi zalunta shi ne wanda ta riƙe shekara biyu ta sake shi bai iya karatu ba.

Gidan Runji na da ƙarin nauyi nata. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka. Satar shanu da garkuwa da mutane sun taɓa ƙauyukan bakin iyakar su ma, kuma malami ba ya son a tura shi inda ba ya barci da kwanciyar hankali. Yaran da suka zo sun nuna wani abu da aka saba gani har aka daina lura da shi: ɗan Sabon Birni da ɗan Tsibiri duka Gobirawa ne, harshensu ɗaya, amma wanda ya fara karatu da Ingilishi sai ya koma baya ya fara da Faransanci kafin ya zauna aji ɗaya da ɗan'uwansa.

Koyarwa da harshen gida ba sabon tunani ba ne a Nijar. An buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a unguwar Zango ta Damagaram a 1973, dokar 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, auna ɗaliban irin waɗannan makarantu kuma ya sha nuna cewa sun fi saurin iya karatu. Amma shekara hamsin abin bai fita daga matakin gwaji ba. Kundin da hukumomin soja suka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kafin wannan ya isa ajin kwaleji a Gangara ko Gidan Sori ana buƙatar littattafan lissafi da kimiyya da Hausa, da kalmomin fannin da aka daidaita, da malaman da aka horar su koyar da ita a rubuce ba a baki kawai ba. Ana kuma buƙatar a yanke shawara a kan harshen da za a riƙa rubuta BEPC da bak, da yadda jami'o'in maƙwabta za su karɓi takardun, domin malami da ɗalibi duka harshen da jarrabawa ke tambaya da shi suke bi.